Yaƙin Hambali a Kan Hoton Hular Inna Tasalla

Da sunan Allah muke buɗe wannan tarihi, Mahaliccin auduga da ƙarfe, wanda Ya sanar da ɗan Adam zura zare a kafar allura. Bayan haka, wannan shi ne labarin gwarzon gwaraza, sadaukin Kwarin Maje, Malam Hambali ɗan Ilu Mai-zare, ɗan Barau wanda aka ce ya taɓa gama hula sukutum a bayan jaki tsakanin kasuwa biyu bai soki yatsansa ba, ɗan Sallau Babba wanda ya fara shigo da almakashi garin har mutane suka yi kwana uku suna zuwa kallo. Ta wajen uwa kuwa, ɗan Inna Tasalla ne, 'yar Magajiya Kande, gidan da allura ba ta taɓa tsatsa ba tun zamanin da ake auna zare da kamu. Hambali dodon takardu, ma'abucin shagon buga takarda da hoton fasfo a bakin tasha, mai kwamfuta ɗaya da rabi, domin ta biyun tun bara fitilarta kawai ke kamawa. Hambali mai kujerar roba da aka ɗaure ƙafarta da waya, mai tumbin da ke riga shi shiga ɗaki, wanda in ya daki injin kwafi sau biyu a haƙarƙari sai injin ya tuna aikinsa.

Sai dai mai rubuta tarihi ba ya ɓoye gaskiya don yana ƙaunar gwarzo. A duk wannan zuri'a mai albarka, Hambali ne kaɗai ya kai shekara arba'in da huɗu bai iya zura zare a allura ba. Yatsunsa kamar rogo suke. Tun yana ƙarami aka gwada shi aka haƙura, aka tura shi makaranta.

A Kwarin Maje akwai Ƙungiyar Maɗinkan Hula, ƙarƙashin shugabancin Alhaji Gwadabe, dattijo mai haiba wanda ba ya fita ko sayen goro sai da babbar riga. Hambali ne ya buɗe wa ƙungiyar shafi a intanet, aka kuwa naɗa shi sakataren yaɗa labarai, aka yi masa tafi. Amfanin shafin guda ɗaya ne. Akwai wata babbar 'yar kasuwa a Zangon Kumasi, Hajiya Azumi, wadda kowace shekara kafin Sallah takan buɗe shafin ta duba hotunan huluna, ta zaɓi maɗinkan da za su yi mata aikin shekara. Wanda ta zaɓa ya samu aiki. Tsohon da ta tsallake kuwa, ƙungiya tana da wata al'ada mai ladabi da zafi: sai a ce an ɗaga shi zuwa kujerar iyaye, a ba shi turmin atamfa ko shadda, a zaunar da shi a sahun gaba ranar taro, a yi ta yabonsa, daga ranar kuma ba a sake kai masa zare.

Inna Tasalla ta haura saba'in, idonta ya yi rauni, amma wata huɗu ta yi tana ɗinka hula ɗaya, shuɗiya da ratsin fari, mai zanen gidan zuma, ƙananan idanun ɗinki jere da juna ba a iya ƙirga su. Da ta gama, wata maƙwabciya ta ɗauki hoton hular da ƙaramar wayarta a cikin ɗaki, ta tura wa 'yarta. 'Yar ta jefa shi a guruf ɗin mata. Daga can wata ta tura wa mijinta, mijin ya nuna wa ma'ajin ƙungiya, ma'aji bai iya karɓar hoto ba sai ya ɗaga tasa wayar ya ɗauki hoton fuskar wayar mutumin. Wani bawan Allah kuma a hanya ya ga hoton ya yi masa tsirara, ya kewaye shi da furanni ya rubuta gaisuwar Juma'a a ƙasa. Hannu bakwai hoton ya bi kafin ya iso shagon bakin tasha.

Hoton nan kuwa irin wanda ake kira JPEG ne, kuma wajibi ne mai karatu ya san halin wannan bawa. JPEG ɗan dako ne mai saurin tafiya, amma duk zangon da aka sauke shi aka sake ɗora masa kaya, sai ya faki ido ya zubar da kaɗan a bakin hanya don ya ji sauƙi. Zango ɗaya ba a ganewa. Zango bakwai kuwa, abin da ya iso hannun Hambali wani shuɗin dunƙule ne mai dishi-dishi, ba gidan zuma ba alamarsa. Gwarzonmu a ranar yana fama da layin masu hoton fasfo, bai ko duba ba ya ɗora shi a shafi. Wannan laifin nasa ne shi kaɗai, kuma tarihi ya rubuta shi a kansa.

Ranar Talata da hantsi saƙon murya ya iso daga Kumasi. Hajiya Azumi ta gaida Alhaji Gwadabe, ta gaida jama'a, sannan ta ce, "Wannan ta Tasalla, hula ce ko koko ne ya zube a tabarma? Allah sarki, ido ya tafi. Ku ce mata ta huta haka nan. Ni dai ranar Alhamis da an yi La'asar zan rufe littafina."

Kafin Azahar, Alhaji Gwadabe ya riga ya aika a sayo atamfa.

Da Hambali ya je gaida mahaifiyarsa da yamma, ya same ta zaune a ƙofar ɗaki, ta tattara allurorinta tana jera su cikin tsohon gwangwanin da take ajiye su. Shi ɗan fari ne, don haka tunda ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba, kuma ba ta taɓa yabonsa a gaban idonsa ba, kamar yadda kunyar mutanen da ta tanada. Mai injin take kiran sa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Rufe gwangwanin kawai ta yi, ta ce, "Kai, mai injin. An ce injinka ya ce na tsufa."

Wallahi da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya ɗauki hular ya juya ta a hasken yamma, ya ga gidan zuman nan tsaf, kowane ido a mazauninsa, ya gane cewa hannun uwarsa lafiya lau yake, hotonsa ne ya yi mata ƙarya a ƙasar mutane. Nan take jinin Barau da na Sallau Babba ya motsa a jijiyoyinsa, ya miƙe tsaye har gwiwarsa ta yi ƙara, ya sha alwashin cewa ba za a yi La'asar ɗin Alhamis ba sai Kumasi ta ga hular nan kamar yadda Allah Ya nufe ta. Mota ba za ta kai hular cikin kwana biyu ba. Hoto ne ya ɓata, hoto ne zai gyara.

Laraba da sassafe rundunar mutum ɗaya ta fita fagen fama. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a inuwar shago inda haske ke da taushi, ya kifa ƙwarya ya ɗora hular a kai, ya ɗauko kyamarar hoton fasfo ya goge idonta da gefen rigarsa, ya durƙusa durƙuson da rabonsa da irinsa tun ranar neman aure, ya riƙe numfashi, ya danna. Hoto ya fito garau, har silin zare ana gani. Direbobin tasha da suka taru suna kallo suka ce ma sha Allah. Ya hau kujerar roba, ya kama linzamin kwamfuta, ya zo wurin adana hoton, sai ga jerin sunaye ya sauko a gabansa kamar manyan dakaru sun ja daga, kowanne yana jiran a zaɓe shi ya kai saƙo Kumasi.

Na farko da idonsa ya faɗa wa shi ne TIFF, giwar hotuna, mai ɗaukar komai bai zubar da ko ƙwayar gero ba, wanda masu buga manyan kalandu ke girmamawa. Hambali ya duba nauyinsa ya ga megabait sittin, zuciyarsa ta yi fari. A ransa ya ce hular uwarsa ba ta cancanci ƙasa da haka ba, abu mai daraja ai nauyi gare shi. Ya ɗaga murya ya ce, "Bismillahi, tafi!" Giwa ta ɗaga ƙafa. Tun hantsi take tafiya, rana ta take, aka kira Azahar, aka idar, datar mako guda ta ƙone ƙurmus, sannan kwamfuta ta ce an isa. Ya buɗe shafin a wayarsa, ya gangara wurin hular, sai ya tarar da wani fanko mai kusurwa huɗu da 'yar alamar tsagaggen hoto a tsakiya. Ashe wayoyi irin tasa ba su san harshen giwa ba, ko ƙofa ba su buɗe mata ba. Gwarzo ya ja da baya cikin tsari, ya aika aka sayo masa ɗanwake.

Da ƙarfi ya dawo, ya yi kukan kura ya afka wa na biyu, GIF, ɗan wasan tasha, mai tsalle-tsalle, wanda aka san shi da hotunan kyanwa mai rawa da jariri mai dariya. Ba shi da nauyi sosai, ya kuwa isa da wuri. Amma GIF kala ɗari biyu da hamsin da shida kawai ya sani a duniya, duk abin da ya wuce haka sai ya haɗa shi da maƙwabcinsa. Shuɗin Inna Tasalla, mai duhu a gindi yana washewa a hankali har ya kai sama, ya koma faci-faci kamar rigar da bilic ya fantsamar wa. Hambali ya dafe kai ya ce, "Subhanallahi, gara kokon!" Ya sallami GIF ba tare da ko godiya ba.

Sa'an nan ya juya ga PNG, amintaccen bawa, wanda ko sau ɗari aka sauke shi aka ɗora ba ya taɓa kayan mutane. Da hoton ya buɗe a kwamfutar shago, gidan zuma ya fito ido da ido, farin zare na ƙyalli, gwarzo ya daki tebur ya yi kururuwar da ta sa tattabarun tasha suka tashi: "Nasara! Ina mai atamfa? Ya zo ya gani!" Ya ɗora shi a shafi, megabait goma sha huɗu, ya fita gindin dalbejiya inda sabis ke zuwa yana komawa, domin ya gwada da waya irin yadda Hajiya Azumi za ta gwada a rumfarta ta kasuwa. Ya danna. Wani ɗan zobe ya fara juyawa a tsakiyar waya. Ya juya, ya juya. Mai shayi ya haɗa masa kofi ɗaya, ya shanye, zobe na juyawa. Motar Gusau ta cika ta tashi, wata ta shiga layi, zobe na juyawa. Abin da ke saukowa daga saman shafin a hankali, layi bayan layi, ba hular Inna ba ce. Goshin Alhaji Gwadabe ne.

A nan ne Allah Ya buɗe wa Hambali ido ya ga babban maƙiyi, wanda ya fi shekara yana zaune a cikin gida. Lokacin da aka buɗe shafin, dattawan ƙungiya sun yi zama na musamman, suka yanke cewa ba zai yiwu baƙo ya shigo ya wuce kai tsaye wurin huluna bai gaida manya ba, don haka hotunan shugabanni tara za su zauna a sama. Da Hambali ya yi musu bayanin cewa hoto yana da nauyi, sai suka ga ai maganar ta zo gidan sauƙi. Aka rubuta a kundin ƙungiya cewa nauyin hoto zai bi girman muƙami. Na Shugaba megabait talatin, na Mataimaki ashirin da biyar, haka aka yi ta saukowa har zuwa Ɗanjuma mai jera kujeru ranar taro, wanda aka ba shi rabin megabait ya yi godiya. Ba wanda hotonsa zai fi na Shugaba nauyi, wannan rashin kunya ne. Hambali kansa ya ɗaga hannu a ranar, kuma har ga Allah ya ga dacewar abin.

Ya kira Kumasi ya roƙi Hajiya ta sake leƙa shafin gobe. Ta ce, "Ɗana, zan leƙa don darajar uwarka. Amma in abin nan ya tsaya yana juya mini zobe, rufewa zan yi. Wancan karon sai da na sallami masu ciniki uku ina jiran hancin Alhajinku ya gama saukowa."

Alhamis da safe, ranar da za a yi ta ta ƙare, gwarzo ya sa rigarsa ta Juma'a kwana ɗaya kafin lokacinta, ya rungumi kwamfuta a hammata, ya nufi zauren Alhaji Gwadabe. Ya cire takalmi, ya durƙusa, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da gajiya da ruwan bana. Turmin atamfar yana ajiye a gefen Alhaji cikin leda, Hambali yana ganinsa ta wutsiyar ido. Da ƙyar ya tattaro shaja'ar kakanninsa ya ce, "Ranka ya daɗe, na zo ne a kan hotonka na shafi. Ina so in rage masa nauyi."

Alhaji ya ajiye goron da ya ɓara.

"Ka rage ni?"

"Ba kai ba, Baba Alhaji, hoton. Akwai wani sabon tsari, WebP sunansa, yana matse hoto ya..."

"Ni za ka matse? Hambali, ni da na riƙe ka ranar sunanka? Shekara goma sha tara ina shugabancin nan ba wanda ya taɓa rage mini ko tsinke, sai kai ɗan Ilu? Ka je ka matse Ɗanjuma!"

Duk wani mayaƙi da ya ji wannan tsawa da ya nemi takalminsa. Gumi ya karyo wa Hambali har cikin kunne. Amma ya tuna ƙarar rufe gwangwanin nan, sai ya ƙi tashi. Ya ciro wayarsa, ya buɗe shafin, ya miƙa da hannu biyu ya ce, "Ranka ya daɗe, ban ce komai ba. Duba kawai ka ga wanda ke fara fitowa."

Alhaji ya sa tabarau. Zobe ya juya. Can sai ga fuska ta bayyana tar, cikakkiya, tana washe haƙora a ƙarshen layi. Ɗanjuma ne. Bayansa mai binciken kuɗi ya fito, sai ma'aji. A wurin Shugaba kuwa, a can sama inda ya kamata haiba ta sauka, ba komai sai saman hula da rabin gira.

"Mene ne wannan?"

"Mara nauyi shi ke fara isa, ranka ya daɗe. Mai nauyi sai daga baya."

"A ko'ina?"

"A ko'ina."

"Har Kumasi?"

"Musamman ma Kumasi."

Alhaji Gwadabe ya cire tabarau a hankali. Ya dubi rufin zaure kamar mai lissafin watanni. Da ya buɗe baki, muryarsa ta dusashe. "Wato shekara guda cur, Ɗanjuma mai jera kujeru ne ke shiga Kumasi a gabana? Ya isa ya zauna, ni ina baya ina jan ƙafa?" Sai ya miƙe, babbar riga ta buɗe kamar tuta, ya nuna kwamfuta da sandarsa, ya saki kirarin yaƙin da har yau ake maimaitawa a Kwarin Maje: "Matse ni! Hambali, matse ni fiye da kowa! Kada in ji wani mahaluki ya fi ni rashin nauyi a ƙungiyar nan!"

Da wannan umarni a aljihu gwarzo ya koma sansani, ya tarar an ɗauke wuta. Bai yi ko gezau ba. Ya tuɓe rigar Juma'a ya rataye, ya fuskanci janareta, ya ja igiya sau ɗaya, ta yi tari, ya ja sau biyu, ta yi atishawa, ya ja na bakwai da dukkan nauyin da Allah Ya ba shi, ta tashi da ruri da hayaƙi, shi kuma ya zauna daɓas a ƙasa. Aka kira Azahar, ya yi salla, ya dawo ya hau kujerar roba, aka shiga kare jini biri jini. Ya kamo dattawa tara ɗaya bayan ɗaya ya miƙa su ga WebP, matashin barde mai ɗamara, wanda ke naɗe kaya ƙanƙane ido bai ga abin da ya ragu ba. Shugaba ya sauko daga megabait talatin zuwa abin da bai kai kwatan megabait ɗaya ba, gemunsa bai rasa ko gashi ɗaya ba. Mataimaki ya bi, ma'aji ya bi. Ɗanjuma kuwa, don a cika umarni, sai da aka bar shi da ɗan nauyi fiye da kowa, ya zama mafi nauyin mutum a ƙungiyar bai sani ba. Tambarin ƙungiya, allura da zare a cikin da'ira, wanda tun farko yake zaune cikin wani farin akwati kamar an liƙa masa takarda, shi ne ya damƙa wa PNG, domin zane mai layi tsaf da bayan da ake gani ta cikinsa aikin PNG ne tun asali, akwatin kuwa ya ɓace.

Sai hula. A nan gwarzo ya sassauta linzami, ya goge tafin hannunsa a wando. Bai taɓa kokon nan mai furanni ba, bai taɓa mai facin bilic ba. Ya koma ga uwar hoto, wadda ya ɗauka da kyamara jiya, ya kwafe ta ya ɓoye asalin a wuri biyu, ya rage faɗin kwafin daidai abin da waya ke buƙata, sannan ya matse shi sau ɗaya tak. Ya duba, ya ga gefen zare ya fara laushi, ya ce a'a, ya koma ga asali ya sake, wannan karon da sauƙin hannu. Gidan zuma ya tsaya cak. Nauyi bai kai rabin megabait ba. Inuwar dalbejiya ta riga ta miƙe ta taɓa bakin shago, ladan yana gyaran murya a lasifika, janareta ta fara shaƙewa alamar mai ya ƙare. Hambali ya ɗaga yatsa sama kamar mashi, ya ce, "Don Inna!" ya sauke shi a kan linzami. Layin kore ya cika. Janareta ta mutu.

Ya fita gindin bishiya da gudu, in dai za a kira abin da ya yi gudu. Ya danna. Kafin ya gama Bismillah, Alhaji Gwadabe ya bayyana gaba ɗayansa, na farko, dattawa suka biyo shi a jere bisa ladabi, ƙasa da su kuma ga hular Inna Tasalla, shuɗiya, tana sheƙi.

Ana sallame La'asar saƙon Kumasi ya shigo. Muryar Hajiya Azumi har tana sarƙewa. "La ilaha illallahu! Wannan ita ce hular? Wa ya ce Tasalla ta tsufa? A rubuta mini sunanta a farkon layi, kuma a ce mata ina neman gafara." Atamfar da aka saya, tarihi ya nuna cewa uwargidan Alhaji ce ta ɗinka ta da Sallah.

Haka sadaukin Kwarin Maje ya kama hanyar gida, rigar Juma'a a kafaɗa, hula a leda, direbobi suna ɗaga masa hannu, mai shayi yana buga cokali a kofi. A zuciyarsa yana tsara yadda za a tarbe shi. Bai sa rai da guɗa ba, ya san halin gidansu. Amma ya yi tunanin ko da kalma ɗaya ce, yau dai zai samu.

Ya same ta inda ya bar ta, gwangwani a rufe a gefenta. Ya durƙusa ya kunna mata muryar Hajiya. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To." Sai ya buɗe hoton ya miƙa mata. Ta kai wayar daf da hancinta tana ƙifta ido. Ya sa manyan yatsunsa biyu a kan gilashin ya buɗa su, hoton ya girma, ya ƙara buɗawa, har kowane idon ɗinki ya kai girman ƙwayar wake.

Inna Tasalla ta ƙura wa hoton ido. Ashe shekara uku ke nan ba ta ga ɗinkinta da idonta ba, da yatsa take lalube tana ƙirgawa a zuci, ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Yanzu ga shi a gabanta, zare na hawa kan zare, kamar yadda take ganinsa tana budurwa. Leɓenta ya motsa. Hambali ya sunkuyar da kai yana jiran kalmar.

"Tsaya," in ji ta. "Koma hagu. Ƙasa kaɗan. Nan."

Ya duba. Bai ga komai ba.

"Na tsallake ido ɗaya."

"Inna, Hajiya ba ta gani ba. Ba wanda zai gani."

"Ni na gani. Miƙo hular. Gobe ka sake ɗaukar wani hoton, wannan ka cire shi, kada a yi ta kallon abin kunya har Kumasi."

Ta jawo gwangwani ta buɗe. Gwarzon da ya kori giwa, ya sallami ɗan wasa, ya matse dattawa tara a yini ɗaya, aka umarce shi ya kunna kyamarar waya, ya girmama hoton, ya riƙe ta a saman hannunta. Ya durƙusa a kan tabarma, tumbi na tokare masa gwiwa, ya riƙe. Ta ɗauko allura da zare, ta dubi gilashin wayar, kafar allura ta fito mata kamar ƙofar ɗaki. Zura ɗaya ta yi, zare ya wuce. Ta ja shi, ta soka allura a gidan zuma, duk hankalinta ya tafi can, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Sauko da shi kaɗan, Hambali."

Shekara arba'in da huɗu. Wayar ta karkace a hannunsa, hoton ya yi dishi-dishi, idonsa ma haka.

Inna Tasalla ta ja tsaki. "Kai, mai injin, riƙe abin nan da kyau mana. Ko riƙon ma ba ka iya ba?"